Girman Kan Karen Kawu

Kawuna kafinta ne, kuma a iya sanina bai taɓa ce wa kowa "don Allah" ba. Ko ƙusa ya je saya, sai ya tsaya kamar shi aka zo roƙo. Da ɗansa na fari ya karanci likitancin dabbobi maimakon ya gaji zarto, Kawu ya ce ba da yawunsa ba, ya daina yi masa magana. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "likitan karnuka".

Ana nan ɓarayin katako suka addabi shagonsa, Kawu ya samo kwikwiyo don gadi. Tun bai iya haushi sosai ba muƙamuƙinsa ya fara kumbura, goshi ya yi tudu. Bakin ya ƙi buɗuwa, sai dalalar miyau. Kawu ya auna kan da tef ɗin aiki, ya ce ya ƙaru. Ya koma jiƙa burodi a madara yana ɗura masa da cokali, rabi na zubewa cikin garin katako. Haƙarƙarin kwikwiyo suka fito.

Matarsa ta ce, "Malam, ka kai shi wajen yaron nan kafin ya mutu."

"Wane yaro?"

"Wanda ka haifa."

Ni na kai su asibitin dabbobi a motata. Ɗan ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu ya amsa wa bango. Bayan an ɗauki hoton ƙashi, ɗan ya ce, "Baba, ƙashin kansa ne ke girma fiye da kima. Ba kasafai ake ganin irinsa ba."

Kawu ya ce, "Girman kai ke nan?"

"Kusan haka."

"A ina ya kwaso?"

"Yawanci gado ne."

Na kafa wa fanka ido.

"Yana warkewa?" in ji Kawu.

"Na karnuka yakan tsaya idan sun shekara. Kafin nan sai maganin ciwo da abinci mai laushi. A riƙa kawo shi ina dubawa."

Kare ya shekara, kumburin ya tsaya, ya yi ƙiba har yana barci a bakin aiki. Kawu bai fasa kai shi asibiti duk Asabar ba, da wankakkiyar riga. Dariya nake yi masa a ɓoye, amma wallahi tausayi yake ba ni.

Makon jiya ɗan ya ce, "Baba, ai ya warke sarai."

Kawu ya dubi karen, wanda a lokacin yake gwaguyar ƙafar kujera.

"Kai dai sake dubawa," ya ce, ya gyara zama. "Ba sauri nake ba."