Malama Tukuna da Hannun Hagun Tela

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin. Ta zuge labule, ta ɗaga murfin fiyano, ta goge maɓallan da tsumma, sannan ta tsaya gaban kabad ɗin takardun kiɗa, hannu a ƙugu. Durowa uku gare shi: ta ƙasa ta 'yan koyo, ta tsakiya ta waɗanda hannunsu ya fara faɗawa, ta sama kuwa sai wanda ya ci kwakwa. Shekara talatin da huɗu tana wannan tsayuwa, kuma har yau gabanta faɗuwa yake duk sanda za ta zaɓar wa ɗalibi kiɗa na gaba.

Ɗalibai ne suka liƙa mata Malama Tukuna. Duk wanda ya zo da zumuɗi yana nuna durowar sama, amsar ɗaya ce: "Tukuna." Ƙa'idarta kuwa, sabon kiɗa ya zo da abu ɗaya mai wuya, kada ya zo da biyu. Wasu na cewa taurin kai ne. Wallahi tsoro ne. Ta ga yadda kiɗan da ya fi ƙarfin mutum ke korar sa daga kujerar nan har abada, ta ga yadda mai sauƙin tsiya ke kashe masa gwiwa, ya yi sallama da fara'a, ba a ƙara ganin ƙeyarsa.

Matar wani tela ce ta ba ni labarin ranar da wannan tsoro ya kai maƙura. Mijinta ya shekara tara yana zuwa koyo bayan ya rufe shago, har ya hau durowar sama. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ya miƙe daga jinya, amma hannun hagu ya ƙi biyo shi. Likita ya ce in bai motsa yatsun ba cikin 'yan watanni, sandarewa za su yi. Shi kuwa ya shige ɗaki ya juya wa kowa baya, keken ɗinkinsa na shan ƙura.

Da ƙyar matar ta lallaɓo shi. A bakin ƙofa ta ja Malama gefe. "Malama, yau in ya fita da kunya daga ɗakin nan, ba zai ƙara fitowa daga nasa ba. Na san mijina."

Tela ya zauna, ya ɓoye hannun cikin aljihu. "Malama, wanda na tsaya a kansa za ki ba ni. Kada ki miƙo mini na yara. Ni ba yaro ba ne."

Malama ta tsaya gaban kabad. In ta jawo durowar ƙasa, ta gama da shi. In ta ba shi abin da ya nema, hannun hagu ba zai kai ƙarshen layin farko ba, kuma a gaban matarsa. "Tukuna" ta zo mata har baki, ta haɗiye. Ta ce ya dawo jibi.

Kwana biyu ta yi tana kwafe kiɗan da fensir. Na hannun dama ba ta taɓa ko ɗigo ba. Na hagu kuwa ta tankaɗe shi kamar gari, har ya rage sauti ɗaya tak a kowace gaɓa, wanda yatsa guda zai iya dannawa.

Da ya dawo ya ƙura wa takardar ido. Matar ta damƙe jakarta a cinya.

"Malama, kin rage."

"Na rage."

"Wato kin ga na ƙare ke nan."

Ya kai hannun dama kan murfin fiyano zai rufe. Malama ba ta yi masa ƙarya ba. "Kai tela ne. Riga in ta yi wa mutum yawa, ka taɓa yanke yadin ka zubar? Naɗewa kake yi ta ciki. Naka ma naɗe shi na yi. Duk sati zan sako maka ɗaya."

Sai ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗora. Yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. A na uku maɓallin ya nutse, sauti mai kauri ya cika ɗakin. Matar ta fita tsakar gida ta sha kukanta.

Ke ce, Malama, kika ɗauke tsoron da ya kamata ya kashe wa mutane zuciya, kika riƙe shi a ƙirjinki ke kaɗai. Mai auna kaya daidai wuyan mai ɗauka. Ba a taɓa tafa miki a dandali ba, ɗalibanki ake tafa wa, kina can baya kina murza yatsu.

Wannan watan Malama take ajiye aiki, idanu sun yi rauni. Tela ya koma shago tuni, da hagun yake riƙe yadi, amma saura sauti goma sha ɗaya ba a mayar masa ba. Ranar darasin ƙarshe ta miƙa masa fensirin.

"Sauran kai za ka mayar da kanka."

"In na yi gaggawa fa, Malama? Wa zai tsayar da ni?"

Ta ƙara matso masa da fensirin. Ya karɓa da hannun hagu, fensirin na karkarwa, bai faɗi ba.

Mun gode, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanu haske. Ku kuma masu koyar da kowace irin sana'a, kafin ku ɗora wa ɗalibi abu na gaba, ku tsaya ku dube shi da kyau, ku bari gabanku ya ɗan faɗi.