Yadda Na Ajiye Akwatin Hoto Kamar Goro

Malam edita, a zamanin Faransa ni magidanci ne a Dakoro, ina sayar da goro kusa da kasuwar dabbobi. Na ɗan leƙa lakkwal, wato makarantar boko, na fito da bonjur da marsi, kuma a unguwarmu wannan ya isa a kira ni a karanta kowace takarda, ko da a kife na riƙe ta.

Akwai wani akawun kumandan, ɗan Dahome, mai sayen goro wurina. Yana da akwatin ɗaukar hoto. Da ƙyar na lallashi tsohona ya zauna gaban akwatin da rawaninsa, yana harararsa kamar ya ga kura. Akawu ya ce hoton yana ciki, sai an kai Maradi a wanke. Da zai bi kumandan rangadi wajen Tagriss, ya bar mini akwatin amana, ya ce in kiyaye shi daga zafi.

To, wa ya fi mai goro sanin maganin zafi? Na naɗe shi da ɗanyen ganye, na sa cikin jiƙaƙƙen buhu, na ajiye gindin randa. Kullum da safe in yayyafa wa goro ruwa, in yayyafa masa, har nakan ƙara masa don shi baƙo ne. Uwar ɗiyana ta ce ita ba ta taɓa ganin ana shayar da ƙarfe ba. Na tambaye ta a wace lakkwal ta yi karatu.

Da akawu ya dawo ya kwance buhu, idon akwatin ya yi funfuna, tsatsa ta ci makullinsa, abin da ke ciki ya manne kamar ƙanzo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko taunawa na yi niyyar yi. Aka gyara akwatin, amma tsoho ya ce ya zauna sau ɗaya, ya isa. Bai sake zama ba har Allah ya ɗauke shi.

Ku masu akwatin hoto na yanzu, laima ta fi rana ɓarna. Ku sa shi cikin busasshen kwano mai murfi, a sama, nesa da randa, kuma kada ku ba mai goro ajiya. Yau in jikoki suka tambayi kamannin tsohona, fuskata nake nuna musu. Sai su ce Allah sarki, su tashi.