Malama Fensir-Tukuna da Waɗanda Ba Su Zo Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin. Ɗan tsukukun ofis ne a ƙarshen barandar makarantarmu, tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da inda ake ajiye tsintsiya, tagarsa ɗaya ce, ita ma sai an tokare ta da littafi take zama a buɗe. Kafin Malama ta ajiye jakarta sai ta feƙe fensir goma sha biyu ta jera su cikin tsohon gwangwanin madara. Sannan ta goge kujeru uku: tata, ta ɗalibi, da ta uwa ko uban da za su biyo shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa mukulli ta koma gida ta huta.

Aikinta shi ne taimaka wa 'yan ajin ƙarshe su cike takardun neman shiga jami'a. A baki abin kamar wasa. Amma wanda ya taɓa zama a gaban takarda mai shafi shida, alhali duk danginsu ba wanda ya taɓa leƙa ƙofar jami'a, shi ya san yadda gumi ke karyo wa mutum ba tare da ya ɗauki kaya ba.

Mu muka laƙaba mata suna Fensir-Tukuna, kuma ta sani. Kana zaro biro za ta buge maka hannu da rula, ba da ƙarfi ba, ta ce, "Fensir tukuna. Ina kake sauri, jami'ar guduwa za ta yi?" Sai ka cike kwafi da fensir, ka kai gida ka kwana da shi, ka dawo ka goge abin da ka canza, sannan ta ba ka ta ainihin. Har lokacin da aka koma cikewa a kwamfuta ba ta sake zane ba. Takan buga shafukan a takarda, ta miƙa maka fensir. Wanda kuma ya yi ta yawonsa sai ana gobe rufewa ya shigo yana haki, za ta kalle shi ta saman tabarau ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya," sannan ta jawo masa kujera.

Mai gadin makarantar ya sha ba da labarin wani uba da ya shigo yana faɗa, wai 'yarsa likita za ta zama ko ana ha-maza ha-mata. Malama ta bar shi ya zazzage cikinsa tsaf, sannan ta ce, "Baban yarinya, tsakaninka da Allah, in ana yanka kaza a gidanka ina 'yar nan take?" Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce, "Gidan maƙwabta." Shi da kansa ya fashe da dariya. Yarinyar lissafi ta karanta, yanzu haka ita ke koyar da shi a makarantar.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ba wannan ba ne. Duk ranar Alhamis Malama takan ɗauko rajistar aji, ta ɗora rula, ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ba waɗanda suka zo take nema ba. Takan ce mai surutu zai kawo kansa, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ni ina cikin masu shirun.

A shekarar da nake ajin ƙarshe ne shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba. Tela ne, yana kan keken ɗinki abin ya same shi, hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ma sai ka kasa kunne sosai. Yayata tana gidan mijinta, Mama ga ciwon baya. Ni nake ɗaga shi da safe in kai shi banɗaki, in yi masa wanka, in zaunar da shi a bakin ƙofa, da yamma in mayar da shi gado. Jami'a mafi kusa tafiyar wuni ce. Sai na yanke wa kaina hukunci ban shawarci kowa ba: ba zan cike komai ba. In na hango Malama a baranda sai in canza hanya.

Saura kwana tara a rufe karɓar takardu ta ritsa ni a bakin famfo.

"Kai, wasan ɓuya muke yi da kai?"

"A'a, Malama. Ni dai karatun ne ya fita raina."

"Wanda ya zo na biyu a aji? To, Allah ya kyauta. Ka gaida Babanka."

Na ɗauka na sha. Ranar Asabar da safe, na rungumo Baba ke nan zan sauke shi daga gado, sai ga sallamarta a tsakar gida. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta tana kallo har na zaunar da shi. Kunya ta kama ni kamar in nutse, haushi kuma ya biyo baya. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta yi masa ya jiki, sannan ta ce wa Mama a kira mata Kawu da mijin Yaya.

Da suka hallara ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Farar takarda ta fitar, ta ja layi ta raba ta kwana bakwai, safe da yamma, gurbi goma sha huɗu. Ta ce, "Yaron nan shi kaɗai yake cike waɗannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa zai ɗauki safiyar Litinin?"

Kawu ya gyara murya ya ce shi fa ƙarfe bakwai yake buɗe shago. Ta ce, "To yamma fa, Kawu?" Ya ce yamma babu laifi. Mijin Yaya ya ɗauki safiya uku, ya dawo ya ce Laraba ba za ta yiwu ba. Ta goge, ta mayar da shi Alhamis. Maƙwabcinmu mai gyaran babur, da ya shigo aron guga, ya ji abin da ake yi ya ce a sa masa biyu. Sau nawa aka goge takardar nan ban sani ba, har ta yi baƙi-baƙi. Kafin rana ta take, gurbi goma sha huɗu sun cika, babu ni a ko ɗaya.

Na ce, "Malama, ba su iya ɗaga shi ba. Akwai yadda ake riƙe kafaɗar."

Ta ce, "Sai ka koya musu. Kana da wata biyar."

Wurin sa hannun uba a takardar neman shiga jami'a kuwa, Baba ya ƙi yarda a dangwala masa yatsa. Kwana huɗu ya yi yana koyon rubuta sunansa da hagu a bayan tsohuwar kalanda. Rannan ya sa hannu, rubutun a karkace kamar tafiyar kaza, Malama ta duba ta ce ta ga na manyan ma'aikata da bai kai wannan kyau ba.

Na samu gurbi a jami'a, na tafi. Ina shekara ta uku, tsakiyar jarrabawa, Baba ya rasu ranar wata Talata. Ko da na iso an riga an kai shi. Allah ya jiƙansa.

Ga abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Na ɗora wa Malama laifi. A raina na ce da ba ta shigo gidanmu da jakarta ba, da a hannuna zai cika. Ta zo ta'aziyya na amsa mata da ka. Shekara biyu cur in na hango ta sai in tsallake titi, kuma na san ta gan ni.

Sai ranar da na kawo takardar kammala karatu gida. Mama ta juya ta gaba da baya, ta ce in kai wa Malama ta gani. Na ce ba inda za ni. Mama ba mai faɗa ba ce, amma rannan ta ajiye takardar ta dube ni.

"Kana tsammanin ita ta kawo kanta? Ni na je ofishinta da ƙafata, Babanka ya aike ni. Ya ce in gaya mata ɗansa zai binne kansa saboda shi, ta zo ta fitar da kai. Ya ce kuma kada ta bari ka san shi ya aiko, don in ka sani ba za ka tafi ba."

Washegari na tafi ofishin, na same ta da wata ɗaliba, na jira a baranda kamar ɗan aji ɗaya. Da na shiga na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Malama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Amana ya ba ni. Kuma wanda ya rasa uba dole ya ji haushin wani. Gara ni, tunda ba a gidanku nake kwana ba. Zauna, mu ga sakamakon."

Malama, ke ce kika shiga gidajen da ba wanda ya san halin da suke ciki, kika fito ba ki kai labarinsu ko'ina ba. Ke ce uwar masu shiru. Ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ranar rabon kyaututtuka ba, kina can baya kina gyara wa yara kwala. Mu da muka bi ta ɗan ɗakin nan mun watsu, wasu a asibiti, wasu a gona, wasu a gaban allo, ni ina haƙa wa mutane rijiyoyin burtsatse. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya, ya saka miki da abin da ba za mu iya ba.

Ku kuma malamai da kuka rage, da ku iyaye da maƙwabta, in kun ga yaro mai ƙoƙari ya ce karatu ya fita ransa, kada ku ce to ku wuce. Ku taka ku je gidansu ku ga abin da yake ɗauka da safe.

Rannan a ofis na yi ta juya magana a bakina har na fito ban faɗe ta ba, yau shekara goma sha huɗu. To ga ta a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na riƙa tsallake titi. Malama, ki yafe mini. Baba ya aike ki, kuma kin isar da saƙonsa.