Ƙaiƙayin gero a idona na dama

Ido guda gare ni. Na hagu ƙyanda ta tafi da shi tun ina goye. Na dama shi ne fitilata, da shi na aurar da ɗiya, da shi nake zura zare a allura.

Wata rana ina sheƙar gero a tsakar gida, iska ta juyo, ƙaiƙayi ya faɗa mini a ido. Aka kira maƙwabciyarmu, tsohuwar da ke cire hakin ido da harshe. Ta buɗe fatar idon, ta lasa, ta tofar. Hakin ya fita, amma ciwo ya zauna. Ido ya yi jajur, hawaye ba tsayawa, ranar Sakkwato kuwa ta zame mini wuƙa. Sannan wani fari-fari ya tsiro a gefen baƙin idon, yana matsowa tsakiya.

Ɗiyata ta kai ni asibiti. Likita ya haska, ya ce gyambo ne, ƙwayar cuta ta shiga. Aka yi ta ɗiga magani har ya ce ƙwayar ta mutu. Farin nan bai daina tafiya ba.

Na ce, "Ɗana, in ɓarawo ya mutu, wa ke cin idon?"

Ya ce, "Inna, jikinki ne. Jiki yana da 'yan aike ƙanana, ido ba ya ganinsu. In an ji rauni su ke kiran mayaƙan jini su kawo ɗauki. Naki sun ƙi yin shiru. Mayaƙa na ta zuwa, ba abokin faɗa, sai su auka wa gilashin idon."

Maƙiyi na waje ana rufe masa ƙofa. Wanga kuwa ina zan gudu in bar shi?

Likita ya ba da wani maganin ɗigawa mai kwantar da su, ya ce kada in tsayar da shi da kaina ko da zafi ya tafi. Ya hana kwalli, ya hana harshen kowa. Na zauna ɗaki ido ba kwalli kamar mai takaba. Kowace safiya ɗiyata ta duƙo ta duba, ni kau in riƙe numfashi.

"Ya matso?"

"Yana nan inda yake, Inna."

A nan ya tsaya, dab da tsakiya. Ina ganin fuskokin jikokina, da ɗan hazo ta gefe guda. Amma har yau, in ido ya ɗan yi ja, sai in kira ɗiyata ta duba.