Saƙon Hajiya zuwa gidan talabijin

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, bakin kowa ya buɗe a Gwammaja. Mai shayi siyasa, mai wankin hula siyasa, har mata a gidan biki. Gidanmu ne kaɗai baki ya rufe, domin maigidana, wanda nake kira Malam, da wansa, wanda duk muke kira Yaya, sun shiga wata na huɗu ba sa magana.

Gida ɗaya ne na gado, zaure ɗaya, sashe biyu, katanga a tsakani. Indararo ne ya haɗa su. Yaya ya gyara rufin soronsa kafin damina, magini ya juyo da bakin indararon ɓangarenmu, ruwan farko da aka yi ya sauka daidai kan murhuna. Malam ya ce a mayar da shi inda yake. Yaya ya ce ai tun zamanin mahaifinsu nan ruwan yake zuba, murhun ne ya zo ya tarar da shi. Ni mai murhun na janye shi gefe tun ranar, na ci gaba da girkina, amma su maganar ta riga ta wuce murhu.

Dukansu sun yi karatun zaure, sun san bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Sai suka samo dabara. Duk rana ta uku, in an dawo daga sallar asuba, Malam zai tsaya a zaure ya fuskanci bango ya yi sallama, Yaya ya amsa yana kallon takalminsa, kowa ya shige sashensa. In Malam ya manta ni nake tuna masa. "Malam, yau fa kwana uku." Sai ya ja tsaki ya nemi hularsa.

Da abin dariya ne, in ba don auren 'yarmu ta fari ba. Ta gama kwalejin malamai, ta kawo wanda take so, an sa rana saura mako biyu. A zuri'arsu uba ba ya bayar da 'yarsa da bakinsa, wansa ne waliyyi, shi zai zauna gaban liman ya ce ya bayar. To Yaya ya aiko matarsa, facalata, wadda ni da ita ba mu taɓa ɓatawa ba, ta gaya mini tana sunkuyar da kai wai a nemi wani waliyyin, tunda shi ba a ɗauke shi babba ba. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ni kuwa duk sujadar da na yi sai na kai maganar, domin na san in aka ɗaura aure baffanta yana gida bai fito ba, har jikokinta sai an goranta musu.

Surukata Hajiya, mahaifiyarsu, ta haura tamanin. Ba ta taɓa kula talabijin ba, rediyonta ya ishe ta. Daminar nan ne ciwon gwiwa ya sa take wuni a falona, inda akwai kujera mai laushi, har ta fara leƙen abin da muke kallo. Maganar indararo kuwa ba wanda ya kai mata, kuma ba ta tambaya ba.

Ranar Laraba bayan magariba ake nuna wani wasan barkwanci da duk unguwa ke jira. A wannan makon aka nuno wa da ƙani sun gaji gida mai rijiya ɗaya a tsakiya. Wan ya ce tunda shi ne babba, ruwan sama-sama nasa ne, ƙanin ya jira na ƙasa. Ƙanin ya ce to shi ma ba zai yarda ruwan wan ya ci gaba da zama a kan nasa ba, a kwashe shi yau. Suka zura guga biyu a lokaci ɗaya, igiyoyi suka sarƙe.

Yaya ma yana da talabijin a sashensa, kuma katangar ba ta tare sauti. Duk inda aka nuno wautar ƙanin sai mu ji dariyar Yaya ta tsallako, har da tari. In aka nuno ta wan sai Malam ya ƙyaƙyace ya buga cinya, ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi haka suke!" Ni kaɗai yake kallo, amma ba da ni yake ba. Hajiya ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Ta matso da fuskarta, carbinta ya tsaya a hannu.

Ƙanin ya ɗaga buta zai jefi wan ke nan aka ɗauke wuta.

Unguwa ta ɗauki ihu gaba ɗaya. Daga cikin duhun muka ji muryar Hajiya. "Ya jefe shi?"

"Hajiya, wasa ne," in ji Malam.

"Wasa da buta? Uwarsu tana raye?"



Washegari mata suka yi ta shigowa, wai sun zo ganin kayan ɗakin amarya. Wata ta ce ita dai wan ya ba ta haushi, wata ta ce ƙanin ne mara kunya, kowace tana magana tana satar kallon indararo. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce, tunda ni ce na yi sakandare a gidan, ko ni na rubuta wa masu wasan wasiƙa? Na rantse mata ban rubuta ba. Ta ce ai ko na rubuta ba laifi, rijiyar ce dai ba ta gane inda na samo ta ba.

Da hantsi Hajiya ta sa aka kira mata 'ya'yanta biyu. Suka durƙusa a gabanta, tsakaninsu akuya za ta iya wucewa. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

"Yaran nan na jiya," ta ce, "ban yi barci ba saboda su. Ku tashi ku je inda suke ku sasanta su."

Yaya ya gyara murya. "Hajiya, ai 'yan wasan kwaikwayo ne. Shirya musu ake yi."

"To wanda ya shirya musu ya ji tsoron Allah shi ma. Kai ba ka ga idon ƙaramin ba? Ku ce ni na aiko ku."

"Hajiya, gobe in Allah ya kai mu sai ni in..." Malam ya fara.

"Yau. Kuma a babur ɗaya, kada ɗaya ya riga ɗaya ya ɓata mini saƙo."

Na leƙa ta zaure na ga tafiyarsu. Malam ke tuƙi, Yaya a baya ya riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, ya ja jikinsa baya kamar rigar ƙaninsa tana da ƙaiƙayi. Sauran labarin a wurin Malam na ji rabi, facalata ta kawo mini rabin da Yaya ya ba ta, na haɗa.

Malam ya so su zaga gari su dawo su ce an sasanta. Amma faɗar hakan sai ya yi wa Yaya magana, kuma ranar ba ta uku ba ce. Shi kuma Yaya ko za a yanka shi ba zai yi wa Hajiya ƙarya ba. Haka suka yi ta tafiya shiru, har wani rami wajen Ƙofar Ɗan Agundi ya ɗaga babur, Yaya ya saki ƙarfe ya rungume Malam ta ciki. Malam ya ce Yaya bai sake shi ba har suka isa. Yaya ya ce nan take ya saki.

A ƙofar gidan talabijin mai gadi ya tambaye su wurin wa suka zo. Da ya ji, sai da ya zauna don dariya, sannan ya nuna musu gindin wata bishiya. Ga mutanen rijiya nan su biyu a kan tabarma, suna cin gurasa a faranti ɗaya.

Yaya mutum ne mai cika aike. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce mahaifiyarsa ta ce su ji tsoron Allah su shirya, zumunci ba abin wasa ba ne. Mutanen suka dubi juna. Wanda ke fitowa a wan ya goge hannunsa, ya haɗe fuska kamar a wasan, ya ce, "Mun ji saƙon Hajiya, Alhaji. Amma ku yi mana hukunci tukuna. Ruwan nan na wa ne?"

"Na babba ne," in ji Yaya. "Ƙaramin ya yi haƙuri."

"Haƙurin me?" in ji Malam. "Kullum ƙarami ne zai yi haƙuri? Mutum ya juyo maka ruwa a kan murhu..."

"Wane murhu?" in ji mai fitowa a ƙanin. "Mu rijiya ce da mu."

Ba wanda ya saurare shi. Abin da suka tara na wata huɗu duk ya fito a gindin bishiyar nan, tun daga indararo har wani keke da Yaya ya hana Malam hawa suna yara. Ma'aikata suka fara leƙowa ta taga. Sai ga 'yan wasan nan, ɗaya ya riƙe Yaya, ɗaya ya riƙe Malam, suna ba su baki. Mai fitowa a wan ya ce, "Haba Alhaji! Mu da an kashe kyamara tare muke cin abinci. Ku taku ba a kashewa ne?" Suka zaunar da su, suka ƙaro gurasa, suka ce ba mai tashi sai farantin ya ƙare.

Sai bayan la'asar suka dawo, suna musu a kan wace hanya ta fi kusa. Ban taɓa jin daɗin musu irin na ranar ba.

"Sun shirya?" in ji Hajiya.

"Sun shirya, Hajiya," in ji Yaya.

"Da idonka ka gani?"

"Tare muka ci gurasa."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta juya ta ce in miƙo mata man zafinta. Har Allah ya karɓi ranta ban san abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Sai dai maganar waliyyi ba wanda ya tayar. Kwana takwas ina kallon bakin facalata, ita ma tana kallon nawa. Ranar Juma'ar ɗaurin auren, bayan an sauko daga masallaci, maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna ciki a kan tukwane. Amarya tana ɗakina ta lulluɓe, ta riƙe hannuna gam. Muka ji liman ya tambayi waliyyi. 

Sai muryar Yaya ta tashi, da ƙarfin da ko lasifika ba ta buƙata. Ya ce 'yarsa ce, shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, kuma ya bayar. Daga nan ya juya kan ango da nasiha a kan riƙon 'yan'uwa, ya yi ta yi, liman ya yi gyaran murya sau biyu bai ji ba. Facalata ta rangaɗa guɗa tun kafin a shafa fatiha, tsofaffi suka hau ta da faɗa. Yarinyar ta saki hannuna, ta ɗago mayafi kaɗan, ta ce a hankali ko akwai sauran waina, yunwa take ji.