Zuma a Saman Baki

Jiya na dawo daga jigilar 'yan kallon ƙwallo, ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai na ji wani ɗan ƙabilar Tamil yana waya a ƙofar gidanmu a Mu'aither. Wannan harafin nasu da ake naɗe harshe ya fito, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Tsohon kuku ne, shi ma Tamil, ɗakinmu ɗaya. Shekara da shekaru yana Doha, amma da yake akwai wannan harafin a sunansa na gaskiya, kowa kuskuren faɗinsa yake yi, har ni. Lokacin kullen korona, da zama ya ishe mu, ya ce sai na koyi faɗin sunan. Ya lakato zuma a cokali, ya sa na shafa can saman bakina.

Da guntun Larabcinsa ya ce, "Naɗe harshen baya, taɓo zumar, sake shi. Yalla!"

Na yi, ya fito kamar kukan kwaɗo.

"Kai, Bahaushe! Zuma ka shanye, suna ka kashe."

Kwana tara muna fama. Ranar da na dace, bai yi dariya ba. Ya ce tun rasuwar matarsa bai ji sunansa haka ba.

Cutar ta ɗauke shi, ba ɗan'uwansa ko ɗaya wurin jana'iza. Yanzu in na idar da salla nakan faɗi sunan a hankali, don harshen ya fara mantuwa, kuma ba mai gyara mini.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya sa a can a kira ka daidai, tun kiran farko.