Ɗigon fensir a takardar Kawu

Kawuna matuƙin jirgin sama ne. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya tsaya mini har na samu takardun zuwa Faransa karatu. Sa'ad da muke yara a Zinder, in jirgi ya wuce sai mu ɗaga hannu mu ce ga Kawu can, ko da jirgin soja ne.

Kamfanin da ya fara yi wa aiki na ƙasashenmu ne, ya rushe a farkon shekarun dubu biyu. Kawu ya kwashe iyalinsa ya zo Stains, wani gari a gefen Paris, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai tafiyar dogon zango daga Paris. A bakinsa na fara jin labarin jerin matuƙa. Kowane kamfani yana da jerin sunaye bisa ga ranar da aka ɗauki mutum aiki. Ba a duba furfurarka, ba a duba daɗewarka a sama. In ka sake kamfani, ƙasan jeri za ka koma. Kawu ya bar gida yana kumandan, mai zama a kujerar hagu, ya zo ya zauna a ta dama yana taimaka wa yaran da ya girme su nesa ba kusa ba. Shekara tara ya yi kafin kujerar hagu ta dawo masa, kuma ko a lokacin sunansa na can ƙarshen jerin kumandoji.

Ni ina Lyon, ina karatun dokokin sufuri. Ɗakina yana Saint-Fons, tagarsa tana kallon bututun wata masana'anta. Ba ni da ƙawaye da yawa. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba sai an kira ni. Amma ina da kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango da nake rubuta duk abin da na karanta, da sunan littafin da lambar shafin, kuma ba na yarda da jimla sai na ga inda ta fito.

A shekarar da nake rubuta binciken ƙarshe, maganar da ta cika bakin matuƙa ita ce ta duwan, wato kwastan, na Amurka da za a kafa a filin jirgin wata ƙasar Larabawa. Abin nufi, ma'aikatan Amurka za su zauna can su duba fasfo da kaya tun kafin jirgi ya tashi. In fasinja ya sauka Amurka sai ya ɗauki jakarsa ya fita kamar ɗan gari, babu layi, babu tambaya. Fasinjojin kamfanin Kawu kuwa da yawansu ba Faransawa ba ne. Daga Asiya suke zuwa, ko gabashin Afirka, su sauya jirgi a Paris su wuce. Wa zai biyo ta Paris ya je ya tsaya layin awa biyu, alhali ga hanyar da an gama da shi tun daga can? Kamfanin ya fara maganar rufe hanya ɗaya daga cikin hanyoyinsa na Amurka. In an rufe ta, kumandojin ƙarshen jeri za su koma kujerar dama. Kawu na cikinsu.

Sandikan matuƙa, wato ƙungiyarsu, ya kira taro domin a zaɓa: ko a tsaya a yi rigima kan hanyar, ko a karɓi abin da kamfani ya kawo, wanda ba ya taɓa manyan jeri ko kaɗan. An ba Kawu minti biyar ya yi magana da sunan na ƙasa. Tun zuwansa bai taɓa buɗe baki a taronsu ba.

Ya kira ni ranar wata Laraba.

«Malama,» ya ce, don haka yake kirana in yana so ya tsokane ni, «ki zo ran Asabar. Na rubuta wani abu. Ina son idon da ba ya jin kunyar takarda.»

Na hau jirgin ƙasa na safe, na isa Stains kafin azahar. Tanti, matar Kawu, ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa. Akwai baƙo kuma, wani Alhaji mutumin Maradi mai shagon kayan waya a Bobigny, abokin Kawu tun suna samari. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an ci abinci, Kawu ya ɗauko takardu biyu, ya ba ni ɗaya, ya riƙe ɗaya.

«Kamar a jirgi za mu yi,» ya ce. «Ni in karanta, ke ki bi da ido. In kin ga abin da ba daidai ba, ki tsayar da ni nan take. Nan take fa, ba sai mun sauka ba.»

Alhaji ya yi dariya. «To, ga kumandan, ga mataimakiya. Ni ne fasinja. Hajiya, a kawo shayi, kuma a gaya wa matuƙi ya bi a hankali, na ci da yawa.»

Kawu ya miƙe tsaye a tsakiyar falo ya fara karantawa da Faransanci. Rubutun yana da kyau. Ya faɗi yadda ya ga kamfani ya mutu da idonsa, yadda ake fara rufe hanya ɗaya a ce ba komai, sannan ta biyu. Na gyara masa ƴan ƙananan abubuwa, yana cewa «Voilà, shi ya sa na kira ki.» Sai ya zo tsakiyar shafi na biyu, ya rage murya, ya karanta jimlar da na gane ita ce ƙashin bayan jawabin duka: cewa babu wata ƙasa a Turai da aka taɓa bai wa wannan gata, sai ga shi an tsallake Turai ɗungurungum an kai shi can.

Ba gaskiya ba ne. Akwai irin wannan duwan a Ireland, an daɗe da kafa shi. Na karanta, na rubuta a kayena, har ina iya tuna gefen shafin da yake. Kawu bai taɓa bin ta can ba, kuma ina jin a bakin wani ya ji maganar a ɗakin hutun matuƙa ya ɗauka.

Alhaji ya buga cinyarsa. «Nan ne wurin! Maimaita mana wannan. Wallahi in ka faɗi wannan, ba mai sake motsi a kujerarsa.»

Kawu ya maimaita. Tanti tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi tana murmushi. Ni kuwa na sa bakin fensir a gefen layin na yi ɗan ɗigo, ƙarami ƙwarai, irin wanda nake yi a littafin laburare in ina so in dawo wurin. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure a gaban baƙo, balle a gaban matarsa. Ana jira sai an keɓe, a kewaya, a ce an ji wasu suna cewa kaza. Na ce a raina zan jira Alhaji ya tafi.

Da ya gama ya dube ni. «Akwai wani abu?»

«Babu, Kawu.»

«Kin tabbata?»

«Ya yi kyau ƙwarai.»

Ya karɓi takardata ya haɗa da tasa.

Alhaji bai tafi ba. Shi ma Paris zai shiga, sai Kawu ya ɗauke mu tare a mota, suna gaba suna hirar wani malaminsu na firamare, ina baya da jakata a cinya. A bakin tasha Kawu ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Taron ran Alhamis ne, saura kwana biyar. Ran Lahadi na buɗe kayena na tabbatar, na je laburare ran Litinin na sake tabbatarwa, kamar rashin tabbaci ne ya hana ni magana. Na rubuta masa saƙo a waya, na ga ya yi tsauri, na goge. Na sake rubuta wani mai kewaye-kewaye har ni kaina ban gane abin da yake cewa ba. Ran Talata na yi ƙarfin hali na kira shi. Na tambayi lafiyarsa, da ta Tanti, da yara, da gajiyar rannan, da ko ya ji daga gida. Ina cikin neman ƙofar shiga maganar sai ya ce, «Ɗiyata, ga mota ta zo ɗaukarmu, sai na dawo.» Ya tafi Amurka, bai dawo ba sai safiyar Alhamis, daga filin jirgi ya wuce taron. Da zan iya tura saƙon ko a ranar. Na gaya wa kaina wataƙila ba wanda zai lura.

An lura. Tanti ce ta ba ni labari a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce yana gama faɗin jimlar wani daga cikin manyan jeri ya ɗaga hannu daga baya ya ce, cikin ladabi har da murmushi, shi kam ya sha bi ta Ireland, ko an fitar da ita daga Turai ne bai sani ba? Aka yi dariya. Kawu ya tsaya yana duba takardarsa. Ya ƙarasa sauran, amma ba wanda ke saurare. Aka kaɗa ƙuri'a, aka karɓi abin da kamfani ya kawo.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da jimlar ta yi daidai, da haka za a zaɓa, don manyan jeri sun fi yawa kuma ba abin da za su rasa. Wataƙila haka ne. Ban sani ba, kuma babu littafin da zan duba in sani.

Wata biyu ban je Stains ba. Na ce bincike ya riƙe ni. Na ji an rufe hanyar, na ji Kawu ya koma kujerar dama. Sai wata Asabar da hantsi ya kira ya ce yana tashar jirgin ƙasa ta Lyon, in fito.

Na same shi a wani wurin shan kofi kusa da tashar, cikin rigar sanyi ta gida, ba kayan aiki ba. Ya rame. Muka gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a tebur. Tawa ce, wadda na bi da ido rannan. Ya sa yatsa a gefen shafi na biyu.

«Ina kwashe takardu na gan shi. Duk inda kika gyara, kin ja layi kin rubuta. Nan kuwa ɗigo kawai. Mene ne wannan?»

Na sunkuyar da kai.

«Kin sani?»

«Na sani, Kawu.»

«Tun a falo?»

«Tun a falo. Alhaji yana nan, Tanti tana nan. Na ji nauyi.»

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba sukari. Na yi zaton zai yi faɗa, har na fi son ya yi.

«Ni ma na san wannan nauyin,» ya ce. «Da shi aka raine ni. Shekarata ta farko a jirgi, kumandana dattijo ne, sa'an babana. Muna gangarowa na ga ya sa lambar da ba ita aka ba mu ba. Na gani sarai. Na yi ta gyaran murya ina kallon wurin, ko zai duba da kansa. Allah ya sa ya duba. Da muka sauka ya ja ni gefe ya ce, in ka sake yi mini ladabi irin wannan, ba za ka ƙara zama kusa da ni ba. Shekaru na yi ina koyon buɗe baki. Kuma na kawo ki na zaunar, na ce kamar a jirgi, na manta ban taɓa koya miki ba. Har na tara miki ƴan kallo.»

«Laifina ne, Kawu.»

«Naki ne, nawa ne. Jimlar ni na rubuta ta ban bincika ba.» Ya turo mini takardar. «Bon. Zan karanta, ki tsayar da ni.»

«Kawu, ai an riga an...»

«Na san an riga. Bi da ido.»

Ya fara daga saman shafin, a hankali, cikin hayaniyar masu jan akwatuna. Ina jin jimlar tana matsowa. Da ya shiga cikinta na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya kai ƙarshenta, ya tsaya, bai dube ni ba, ya koma sama ya sake farawa. A karo na biyu na ce, «Kawu,» da wata murya da ni kaina da ƙyar na ji ta.

«Ban ji ba. Injin yana ƙara.»

«Kawu, tsaya. Wannan kuskure ne. Akwai shi a Ireland.»

«Na ji,» ya ce. «Kuskure ne, akwai shi a Ireland.» Ya zaro biro ya soke layin, ya ninke takardar ya ba ni.

Sannan ya gaya mini abin da ya kawo shi. Kamfanin jiragen ƙasar Larabawan nan, wadda ya rubuta jawabin a kanta, yana ɗaukar matuƙa, kuma sun ce za su ba shi kujerar hagu. Ya sa hannu. Tanti da yara za su zauna a Stains saboda makaranta, shi zai riƙa zuwa in ya samu hutu. Zai sake komawa ƙasan wani jerin, karo na uku, yana da shekara hamsin da wani abu.

«Zan riƙa kwasar fasinjojin da na ce za a ƙwace mana,» ya ce, ya yi ƴar dariya. «Kada ki gaya wa Alhaji tukuna, zai kashe ni da tsiya.»

Na raka shi har bakin jirgin Paris. Ina so in ce kada ya tafi, in ce yaran suna ƙanana, in ce Tanti ba ta son zama ita kaɗai. Wannan karon na faɗa, duka, a tsaye a gefen jirgin. Ya saurara har na gama.

«Na ji,» ya ce. Ya dafa kaina, ya shiga.